Zamanin da Muke Tsintar Turanci

A ƙasar Kazaure ta ƙuruciyarmu, Turanci ba ya yawo a titi. Mutum zai iya tasowa daga Gwiwa, ya ratso duwatsun Roni, ya shigo Kazaure ya ci kasuwa, ya miƙe har Babura wajen dangi, bai ji an yi jimla ɗaya da Turanci ba. Lokacin duk muna cikin Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro a 1967, Audu Bako yana gwamna. Jigawa ko a mafarki babu ita. Turanci yana da gidajensa sanannu: makarantar boko, ɗakin shan magani, ofishin En'e, sai kuma goshin manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura, waɗanda suke bule mu da ƙura kafin mu gama haɗa baƙaƙen da aka rubuta a jikinsu. Wanda yake son harshen sai ya bi shi har inda yake, ya tsinto shi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke fita kalar gyaɗa bayan masu gona sun kwashe amfaninsu: ka tona nan ka sami ƙwaya biyu, ka matsa gaba ka sami ɗaya, kafin la'asar ka ji ƙoƙonka ya yi nauyi.

Ba da son ran iyaye aka kai yawancinmu makaranta ba. Saƙo ne yake zuwa wa dagaci cewa ana neman yara kaza, shi kuma ya bi masu unguwanni, su bi gidaje. Akwai uwar da ta ɓoye ɗanta a rumbu, akwai wadda ta tura nata ruga wajen kawunsa har ƙura ta lafa. Mu da abin ya faɗo a kanmu aka yi mana aski, aka shafe mana ƙafafu da man gyaɗa saboda kaushi, muka ci ɗumame muka kama hanya cikin hazon hunturu. Har yau in na ji ƙanshin hayaƙin kara da sassafe, abin da ke biyo baya a kunnena shi ne ƙarar tsohon ƙarfen mota da aka rataye a reshen darbejiya, ana buga shi don mu shiga layi. Ajinmu ginin ƙasa ne mai rufin kwano. Allonsa siminti ne a jikin bango, mu muke baƙanta shi da cikin tsohon batir da muka farfasa, mu koma gida da hannuwa baƙi ƙirin, iyayenmu mata suna tambaya ko karatun ne ko ƙira aka kai mu koyo.

Da Hausa aka fara mana, da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Turanci ya shigo ne a hannun wani malami siriri mai keke, wanda ba shi da kayan aiki sai abin da ke gabansa. Ya ɗaga littafi ya faɗi sunansa, mu amsa. Ya nuna ƙofa, ya nuna taga, ya buga tebur, ya kamo kunnen wani yaro a hankali ya faɗi sunan kunne, aji ya ɓarke da dariya. Da ƙarfi muke amsawa, da iyakar abin da maƙogwaro zai iya, har muryarmu tana kaiwa rijiyar bayan makaranta. Matan da ke jan ruwa a wurin sun haddace wasu kalmomin ba tare da sun san inda suka dosa ba, kana iya jin wata tana yi wa goyonta rawa da su a hanyar komawa gida.

Wahalar ta fara ne da aka ƙare abubuwan da ke cikin aji, littafi ya shiga kawo mana kayan wata duniya: ƙanƙarar da ke rufe gari a Ingila, jirgin ruwa, teku, da wani ɗan itace wai shi tuffa. Malam ya ɗauki alli ya zana tuffar a allo da iya ƙoƙarinsa, ya ja da baya yana dubawa. Wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan yalo ne." Malam ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya gaya mana gaskiya cewa shi ma bai taɓa ɗanɗana ta ba, a littafi ya san ta. Mun ƙara ƙaunarsa daga ranar, domin mun gane cewa shi ma a kan hanyar yake, ya dai riga mu tashi ne.

Abin da ya tallafe mu, wanda ba mu san darajarsa ba sai da muka girma, shi ne makarantar allo. Kafin mu ga boko mun riga mun saba da hadda. Mun san a biya wa yaro karatu, ya yi ta maimaitawa har ya zauna, ya je ya kawo a gaban malam, sannan a ba shi izinin wanke allo. Mun san tilawa, wato komawa baya a bi abin da aka wuce don kada ya zube. Wannan horon muka ɗauko cak muka ɗora wa Turanci. Da dare, in an tashi daga karatun allo, wutar kara ta fara yin ƙasa, sai mu tsaya a bakin garwashin muna tambayar juna kalmomin ranar. Da safe a hanyar makaranta mu sake bi, wanda ya kasa kawo ma'ana shi zai ɗauki jakar ɗan'uwansa har ƙofar aji. Daga baya na ji masana koyar da harshe suna cewa kalma tana zama ne in ana waiwayarta lokaci bayan lokaci, ba a haɗiye ta a zama ɗaya ba. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka.

A manyan azuzuwa aka sa kowa ya ware littafin rubutu guda saboda kalmomi kawai, irin mai jadawalin lissafi a bangon baya. Mukan ja layi biyu a kowane shafi, ya rabu gida uku: kalma a gidan farko, ma'anarta a na biyu, a na uku kuma jimlar da yaro ya ƙirƙira da kansa. Gidan na ukun nan shi ne malam yake fara dubawa. In ya tarar da shi fayau, sai ya miƙo maka littafinka ya ce, "Kalmar da ba ka yi aiki da ita ba, ba taka ba ce tukuna." Jimlolinmu kuwa duk na gida ne. Akuyar inna, jakin baffa, ruwan da ya cika fadama, farar da ta sauka a gonar gero, su muke yi wa ado da sababbin kalmomi. Da wani zai tsinci ɗaya daga cikin littattafan nan yau, da ya karanta tarihin ƙauyenmu a gida na uku.

Ƙamus guda ɗaya ne a duk unguwarmu, na wani yayanmu da ke kwalejin horon malamai, shi ma sai ya zo hutu muke ganinsa. Michael West muke kiransa, kuma da yawanmu sun ɗauka sunan littafin ke nan. Sai daga baya muka san ashe mutum ne, Baturen Ingila da ya yi aikin koyarwa a Bengal ta ƙasar Indiya, wanda shi da abokin aikinsa James Endicott suka fitar da ƙamus ɗin a 1935. Hikimarsa ita ce duk dubban kalmomin da ke ciki an yi bayaninsu ne da sauƙaƙan kalmomi 1,490 kacal. Shi ya sa yaron ƙauye zai buɗe neman kalma mai wuya, ya tarar da bayanin da bai fi ƙarfinsa ba. Na yayan namu an yi masa riga da takardar buhun siminti. A adaka yake kwana tare da guzurin makaranta, don haka in ka buɗe shi ƙanshin ƙuli-ƙuli da daddawa ne ke fara yi maka maraba. Yana da dokoki: sai ka wanke hannu, ba a lasar yatsa a juya shafi, ba a kusantar da shi ga aci-balbal. Mukan kewaye fitilar ƙwai mu huɗu ko biyar, ƙwari suna faɗowa a kan shafi, a je neman kalma ɗaya a ɓige da maƙwabtanta na sama da na ƙasa. A ofishin hedimasta akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, bugun Zariya, amma wannan sai dai leƙe ta taga.

In hutu ya ƙare, Michael West ya koma makaranta da mai shi, sai mu koma wa kasuwa. Gwangwanin madara, kwalin sukari, kwalin ashana, kwalbar magani, buhun takin zamani, duk abin da ke da rubutu a jikinsa littafi ne a wurinmu. Amma babu kamar takardar mai tsire. Da tsofaffin jaridu yake naɗe nama, galibi New Nigerian da aka fara bugawa a Kaduna a 1966. In baffa ya sayo tsire ran kasuwa, manya suna hankoron nama, ni idona yana kan takardar. Nakan karkaɗe yajin, in shimfiɗa ta a cinya in goge da tafin hannu. Inda mai ya taɓa takan yi garau, har rubutun baya ya huda ya haɗu da na gaba, sai ka karkata ta wajen haske kafin ka raba su. Labarin kuma ba ya cika, mai tsire ya yage shi a inda ya ga dama. Nakan karanta farkon wata shari'a ko rabin labarin wasan ƙwallo, ragowar ta tafi da wani mai sayen nama can wani ƙauye. Ƙarshen labaran nan ni nake ƙirƙira musu a raina, kalmomin da na kasa kuma in kwafe su in ajiye sai wani hutun.

A Babura, wajen dangin mahaifiyata, na fara sanin cewa Turawa ma ba bakinsu ɗaya ba. Garin yana kusa da iyaka, mutanen Nijar suna shigowa cin kasuwa ta wajen Magariya. Akwai wani ɗan ƙanwar kakata da ke zuwa daga can, sa'ana ne, shi ma yana karatun boko, sai dai su lakwal suke cewa, malaminsu kuma mushe. Muka zauna a gindin tsamiya kowa yana ji da iliminsa. Na nuna ruwa na faɗi sunansa da Turanci, ya girgiza kai ya faɗi wani abu daban. Na nuna doki, ya sake musawa. Gardama ta kai mu gaban wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya yi fatauci ƙasashe, ya saurare mu ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ku duka kuna da gaskiya. Kai Baturenka na Ingila ne, shi kuma nasa na Faransa." Muka yini muna musayar kalmomi, Hausa tana tsakani tana yi mana tafinta.

Sai rediyo. Baffana yana da akwati mai rigar fata, wanda ba mai taɓawa sai shi. Batiransa in sun yi sanyi a rana ake shanya su, wai su farfaɗo. Yakan ji Rediyon Kaduna, ya ji sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957. In an gama labarai ya ga ina ta zagaye, sai ya turo mini akwatin ya ce, "Juya ka ji yaren naku, amma kada ka shanye mini batir." A gajeren zango, cikin ƙugi da shuu, na gano wani shiri na Muryar Amurka da ake karanta labarai a hankali, kalma tana bin kalma ba gaggawa. A 1959 suka fara shi saboda masu koyo, da kalmomi wajen 1,500. Da yake na riga na ji labaran duniya da Hausa a gefen baffa, in an maimaita su da Turanci sai in riƙa cafko ma'ana da kaina. Haka kalmomi suka riƙa zuwa tare da ranakunsu: komawa tuƙi a hannun dama a 1972, zuwan naira da kwabo a 1973, da farin da ya ƙone gonaki a shekarun nan. Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 aka sallame mu daga makaranta tun lokaci bai yi ba. Na tarar da dattawa sun kewaye akwatin baffa, kiɗan soja yana tashi, wata murya tana maimaita sanarwa da Turanci. Duk suka juyo suna kallona: "Kai ɗan boko, me ya ce?" Abin da na iya kamawa na faɗa musu, murya tana rawa. Kalmomin da na koya a ranar da aka kashe Janar Murtala ban taɓa buƙatar rubuta su a littafi ba.

A wannan zamanin ne kuma na zama mai karanta wa unguwa wasiƙa. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ɗanta ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, aka gama yaƙi a 1970 ya ci gaba da aiki can kudu. Wata rana da yamma ta shigo gidanmu da ambulan a ƙulle a bakin zane. Ta kwana biyu da ita ba ta nuna wa kowa ba, domin a wancan lokaci takardar soja da Turanci ba kasafai take zuwa da alheri ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta kwance ƙullin da yatsu masu rawa, ta ce, "Ɗan nan, karanta mini. Ko mene ne, Allah ya riga ya rubuta." Na fara. Gaisuwa ce, yana lafiya, yana tambayar kowa. Sai na iso wata doguwar kalma da ban taɓa gamuwa da ita ba, kuma na ga duk maganar a kanta ta rataya. Na ce, "Iya, ki yi mini haƙuri in duba littafi." Ta ce, "Je ka, ina nan." Allah ya sa lokacin hutu ne. Na ruga gidan yayanmu, ko wanke hannun ban tsaya yi ba, shi ma da ya ga fuskata bai ce komai ba. Na dawo ina haki na tarar da ita yadda na bar ta, ta ƙura wa takardar ido. Na ce, "Iya, ƙarin girma aka yi masa. Ya zama saje." Ta yi shiru, sannan ta rangaɗa guɗar da ta fito da matan gida uku. Ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ƙirji." Washegari ta aiko mini da ƙwaryar fura.

Amsar wasiƙar ta fi karatun wuya. Ɗan nata bai yi boko ba, wani abokin aikinsa ɗan kudu ne yake rubuta masa yake kuma karanta masa, don haka dole da Turanci za a mayar. Iya ta zauna tana zubo magana: a gaya masa tunkiya ta haifi biyu, gero ya yi kyau amma wake ya sha tsutsa, katangar bayan gida ta faɗi da damina, ƙanwarsa an sa mata rana, kuma ya riƙe salla. Ni kuma ina ta fafutukar nemo wa kowace magana rigar da za ta shiga. A nan na gane cewa gane kalma in an faɗe ta daban, nemo ta lokacin da kake buƙatarta daban. Wasiƙun unguwa, da takardun asibiti, da bayanin da ke jikin kwalbar magani, sun koya mini abin da jerin kalmomi bai koya mini ba, domin kowace kalma da na samo a cikinsu akwai wanda yake zaune yana jiranta.

Shekarar da aka buɗe ƙofar firamare ga kowa, 1976, ƙannenmu suka cika azuzuwa har gindin bishiyoyi, mu kuma ba da jimawa ba muka ɗauki akwatunan ƙarfe muka tafi makarantar kwana. A can muka tarar da malamai daga ko'ina: 'yan Ghana, Indiyawa, da matasa masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka fara a 1973. Kowa da irin lafazinsa, kalma ɗaya sai ka ji ta da murya uku kafin azahar, kunnenmu ya buɗe ba shiri. Akwai kuma dokar hana yin Hausa. Wani guntun katako ne mai igiya, wanda aka kama yana Hausa a rataya masa, shi kuma ya yi ta baza kunne ya sami wanda zai miƙa wa, wanda ya kwana da shi ya sha yankan ciyawa. Na san da kyakkyawar niyya aka kafa dokar, kuma ta tilasta wa wasu buɗe baki. Amma na ga yara masu surutu, waɗanda a ƙauye ba a rufe musu baki, sun koma shiru tsawon zango guda. Abin da na lura da shi kuma, waɗanda suka fi mu kama Turanci su ne waɗanda suka ƙoshi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, suke warwarar Gaskiya Ta Fi Kwabo ba tuntuɓe. Wanda ya san daɗin magana a harshensa ya san abin da yake nema a na wani.

A makarantar kwana ne zazzaɓin manyan kalmomi ya kama mu. Brighter Grammar, First Aid in English da Students' Companion suna yawo daga gado zuwa gado, muna haddace kishiyoyin kalmomi da sunayen 'ya'yan dabbobi da karin maganar Turawa. Michael West ya yi mana kaɗan, muka koma wa babban Oxford na Hornby, wani malami da ya koyar a Japan, wanda ƙamus ɗinsa ke nuna yadda ake sarrafa kalma a cikin jimla. Daren muhawara kuwa sai wanda ya gani. Akwai wani abokinmu daga wajen Gwiwa da yake kwana yana farautar kalmomi masu gaɓa biyar. In ya miƙe ya saki ɗaya, zauren ya ɗauki tafi da sowa, alhali ba wanda ya san abin da ya ce. Shi ake kai wa rubutun wasiƙar soyayya, ladansa ƙullin gari da sukari. An ce wata yarinya ta mayar wa saurayinta da amsa cewa ta ga takarda ta gode, amma ya zo da kansa ya gaya mata abin da ke ciki. Malaminmu ɗan Ghana ya bar mu muka sha sharafinmu, sannan wata rana ya karanta mana wani jawabi na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ce mu ƙirga kalmomin da ba mu sani ba. Ba su taka kara sun karya ba. Ya ce mu saurari Ɗanmasanin Kano, Maitama Sule, in yana magana, mu ji yadda yake ratsa zuciya da kalmomin da ɗan firamare ya sani. Na ji an ce malamin nan yana cikin waɗanda suka koma gida a 1983, lokacin da aka sallami baƙi daga ƙasar nan. Ban sami yi masa godiya ba.

Shi ne kuma ya tura mu ga littattafan labari, ya hana mu tsayawa duba ƙamus a kowane layi. Ya ce mu bi labari, kalmar da ta dawo sau da yawa za ta gabatar da kanta. Haka kuwa aka yi. Muka karanta The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, muka yi mamakin ganin sunaye irin namu a littafin Turanci. Da jerin Pacesetters ya fito a 1977, The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano, ya zaga ɗakin kwananmu har bangonsa ya rabu da shi, aka ɗinke da zare da allura. In an kashe fitila mukan shige cikin bargo da tocila. Wanda ke bin layi yana tsaye a kanka yana tambayar saura shafi nawa. Ba mu san muna tara kalmomi ba, mu dai muna son mu ji yadda za ta ƙare.

Yau abubuwa sun sauya, kuma da yawa alheri ne. An yi Jigawa a 1991. Kazaure da muka sani da makarantu ƙalilan yanzu tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Sarki Hussaini Adamu, da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, da cibiyar koyon kwamfuta. Jikata tana da ƙamus a cikin waya wanda ya fi Michael West da Hornby a haɗe, har furta mata kalmar yake yi, abin da mu sai mun jira malami. Ina yi musu murna har zuciya. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne yadda kalmomin ke wuce su a guje. Yaro ya duba, ya gane, ya shafa gilashin waya, kafin magariba ta tafi, domin bai yi mata tattaki ba kuma ba wanda ke jiranta a bakin tabarma. Ga Hausar ma tana zubewa ta wani gefen. Na tambayi wani jikana bambancin kalgo da sabara a bakin gona, ya duba waya. Turancin bai cika ba, Hausar ta rage, sai gauraye a tsakani. Ban ga laifinsu ba, zamaninsu ne ya zo da yalwa, kuma yalwa ba ta koya wa mutum adana.

Don haka in sun zo hutu ba na ba su jerin kalmomi. Nakan miƙa wa ɗayansu takardar da ke cikin kwalin maganin kakarsu, in ce ya zauna kusa da ita ya karanta, ya bayyana mata da Hausar da za ta gane: sau nawa a rana, kafin abinci ko bayansa, me za ta guje wa. Tana yi musu tambayoyi irin na tsofaffi, ba ta karɓar rabin amsa, dole su koma waya su dawo da magana cikakkiya. In na sake tambayarsu bayan an kwana biyu, sai in tarar kalmomin suna nan daram. Malamin da ya ce mana kalma ba ta zama taka sai ka yi aiki da ita ya daɗe da rasuwa, haka mai keken da ya zana mana tuffa, haka yayanmu mai ƙamus. Allah ya jiƙansu da rahama, ya saka musu da alheri. Sun koya mana harshen wasu ba tare da sun raba mu da mutanenmu ba, kuma abin da nake fata jikokina su gada ke nan.